Awa Dubu Takwas Kafin Lasisi: Yadda Ake Zama Mai Sana'ar Hannu a Amurka

Ranar Alhamis 18 ga Maris, 1937, ƙarfe uku na yamma ta ɗan gota, saura ƙiris a tashi daga makaranta, wani malamin koyar da aikin hannu a garin New London da ke gabashin jihar Tekzas ya kunna injin goge katako. Injin ya yi tartsatsi. Kafin ƙiftawar ido rufin makarantar ya ɗaga sama, bangaye suka zube, ginin ya koma tarin ɓaraguzai. Kusan mutum 300 ne suka rasu, mafi yawansu yara 'yan makaranta.

Makarantar kuwa ta masu hali ce, don yankin yana cikin ganiyar arzikin man fetur a lokacin. Abin da ya faru shi ne, 'yan watanni kafin nan shugabannin makarantar sun ga kuɗin gas na ɗumama ajujuwa, wajen dala 300 a wata, ya yi musu yawa. Sai suka soke cinikin, suka sa aka yi musu joni da bututun rarar gas na wani kamfanin mai, irin wanda ake ƙonewa a banza. Jonin ya riƙa yoyo, gas ya yi ta taruwa a ƙarƙashin ginin. Yara sun yi ta kukan ciwon kai, amma babu wanda ya gane dalili, domin iskar gas a asalinta ba ta da wari. Warin nan da uwargida ke ji idan tukunyar gas ta yi yoyo a kicin, da gangan ake zuba shi, kuma musibar New London na cikin abubuwan da suka sa hakan ya zama doka. Cikin 'yan makonni majalisar dokokin Tekzas ta tilasta sanya wa gas wari, ta kuma yi dokar rajistar injiniyoyi. Bayan shekara goma, a 1947, ta kafa hukumar da ke jarraba masu aikin famfo da bututu ta ba su lasisi.

Duk wanda ke son ya fahimci abin da ya sa mai gyaran famfo a Amurka ke yawo da kati a aljihu kamar direba, daga irin wannan labari ya kamata ya fara. Aikin waya da na bututu a cikin bango suke, a ƙarƙashin daɓe suke. Mai gida ba ya ganinsu, ko ya gani ma ba zai bambanta mai kyau da maras kyau ba. Idan tela ya ɓata ɗinki, ranar da aka karɓi riga za a gani. Idan mai wayarin ya sa siririyar waya inda ya kamata a sa mai kauri, sai bayan shekara biyar, cikin dare, iyali na barci, za a sani.

Abu na farko da ke ba baƙo mamaki shi ne, ƙasar ba ta da lasisi guda ɗaya da ke aiki ko'ina. Gyara na goma da aka yi wa tsarin mulkin Amurka a 1791 ya bar wa jihohi duk ikon da ba a danƙa wa gwamnatin tarayya ba, kuma kula da lafiya da tsaron jama'a na cikin wannan. A 1889 Kotun Ƙoli ta tabbatar wa jihar West Virginia ikonta na hana mutum aikin likita in ba shi da takardar shaida, daga nan ƙofa ta buɗe wa sauran sana'o'i. Saboda haka jihohi 50 ne, kowace da nata tsarin. Wuraren da gwamnatin tarayya ke sa hannu kaɗan ne. Misali, mai gyaran firji da na'urar sanyaya ɗaki sai ya riƙe shaidar da hukumar kare muhalli ta ƙasa ta amince da ita kafin ya taɓa iskar da ake ɗura musu, saboda illar da take yi wa sararin samaniya.

Duk da wannan bambanci, tsanin da ake hawa kusan iri ɗaya ne, mai matakala uku. A ƙasa akwai ɗan koyo. A tsakiya akwai wanda suke kira janiman, wato ƙwararren da aka yarda ya yi aiki ba tare da wani ya tsaya a kansa ba. Sunan ya samo asali daga kalmar Faransanci mai nufin yini, domin a Turai ta dā shi ne wanda ya gama koyo ya fara karɓar ladan yini. A sama kuma akwai masta, uban aiki, wanda zai iya tsara aikin gini sukutum, ya sa hannu a takarda, ya ɗauki alhakin abin da yaransa suka yi.

A ɗauki mai aikin wutar lantarki a Tekzas. Yaro ɗan shekara 16 zai iya yankar katin ɗan koyo ba tare da jarrabawa ba, amma katin bai ba shi damar taɓa waya shi kaɗai ba, dole ya kasance a ƙarƙashin kulawar mai lasisi. Kafin ya zama janiman sai ya tara awa 8,000 na aiki a hannun masta, sa'annan ya ci jarrabawa. Lissafin a fili yake: awa 40 a mako, mako 50 a shekara, awa 2,000 ke nan, wato shekara huɗu cur. In yana son zama masta sai awoyin su kai 12,000, ya kuma riƙe lasisin janiman na shekara biyu, ya sake zama wata jarrabawar da ta fi ta farko wuya. Ko bayan ya samu, kowace shekara sai ya yi awa huɗu na ƙarin karatu kafin a sabunta masa.

Jihar Massachusetts ta ɗora awa 600 na zaman aji a kan awa 8,000 ɗin. Jihar Washintan, wadda ke can arewa maso yamma, daban da babban birnin ƙasar, ta ƙara matsawa: daga watan Yulin 2023, tara awoyi kawai bai isa ba, wanda ke son cikakken lasisin janiman na lantarki sai ya bi ta shirin koyon sana'a da gwamnati ta yi wa rajista.

Wannan shiri mai rajista shi ne ƙashin bayan tsarin, kuma a nan ne ya fi cancantar a tsaya a duba.

Koyon sana'a a hannun ubangida tsohon abu ne a Amurka, daga Ingila suka gaje shi, inda wata dokar 1563 ta yanka shekara bakwai a matsayin wa'adin koyo. Benjamin Franklin, wanda hotonsa ke jikin takardar dala 100, yana ɗan shekara 12 aka ɗaure shi da yarjejeniyar koyon aikin ɗab'i a shagon yayansa James a birnin Boston. Zaman bai yi daɗi ba. Yana shekara 17 ya gudu zuwa Filadelfiya wa'adi bai cika ba. Irin wannan koyo na dā, komai yana hannun ubangida: in ya ga dama ya koyar, in ya ga dama ya mai da yaro ɗan aike. Jihar Wiskonsin ce ta fara shigo da gwamnati cikin lamarin a 1911, da dokar da ta ce yarjejeniyar koyo sai an rubuta, an yi mata rajista, kuma sai yaro ya samu lokacin zuwa aji. A watan Agustan 1937 Shugaba Franklin Roosevelt ya sa hannu a dokar koyon sana'a ta ƙasa, wadda aka fi sani da sunan ɗan majalisar da ya kawo ta, William Fitzgerald na jihar Connecticut. Da ita ake aiki har yau. Ma'aikatar ƙwadago ta tarayya ke rajistar shirye-shiryen a wasu jihohi, wasu jihohin kuma suna da ofishinsu da ke yi.

Sharuɗɗan ba su da yawa amma suna da nauyi. Ɗan koyo ma'aikaci ne tun ranar farko, ana biyansa. A aikin lantarki da famfo yakan fara da wajen kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari na abin da janiman ke karɓa, kuma an rubuta a takarda cewa duk sa'ad da ya cika wasu awoyi za a ƙara masa. Ƙarin ba ya jiran ranar da maigida ya tashi cikin farin ciki. Akwai kuma zaman aji, abin da aka saba shi ne awa 144 a shekara, galibi da yamma bayan an tashi aiki ko kuma yini guda a mako, inda ake koyon lissafi, karanta zanen gini, da ƙa'idojin kare kai. Ana kuma rubuta irin aikin da ya yi: awa kaza a jan waya cikin bututu, awa kaza a haɗa allon rarraba wuta, awa kaza a injuna. Manufar ita ce kada yaro ya shekara huɗu yana fasa bango da ɗaukar tsani, a ce ya koyi aikin wuta.

Masu karatu a ƙasar Hausa sun san yaron shago, sun san ranar yaye da addu'ar da ake yi, sun kuma san yadda sarkin maƙera ko sarkin aska ke tsawata wa 'yan sana'arsa. Koyo ta hanyar kallo da riƙe wa oga kayan aiki iri ɗaya ne a ko'ina cikin duniya. Inda aka rabu shi ne littafin awoyi. A tsarin Amurka, in yaro ya saɓa da ubangidansa a shekara ta uku, awoyinsa 6,000 ba su bi ruwa ba, suna nan a rubuce da sunansa, zai ɗauke su ya ci gaba a hannun wani. Wannan shi ne abu mafi daraja a tsarin duka, ya ma fi katin lasisin kansa, domin ya sa gumin ɗan koyo ya zama dukiyarsa.

Su wa ke gudanar da shirye-shiryen? Mafi shahara su ne na haɗin gwiwa tsakanin ƙungiyoyin ƙwadago da 'yan kwangila. Ƙungiyar ma'aikatan lantarki ta IBEW, wadda aka kafa a birnin St. Louis a 1891, ta san zafin abin tun farko: shugabanta na farko, Henry Miller, mai hawa turakun waya ne, kuma a 1896 wuta ta ja shi a kan turke ya faɗo ya rasu. Masu aikin famfo da bututu suna da tasu ƙungiyar tun 1889. Waɗannan ƙungiyoyi da kamfanoni suna zuba wani abu daga kowace awa ta aiki a asusun horo, shi ya sa ɗan koyo ba ya biyan kuɗin makaranta na a zo a gani. 'Yan kwangilar da ba sa hulɗa da ƙungiyar ƙwadago su ma suna da nasu makarantun. Shiga shirin ƙungiya ba wasa ba ne: sai takardar gama sakandare, sai shaidar an ci lissafin aljabara, sai gwajin basira, sai ganawa da kwamiti, kuma a manyan birane masu nema sun ninka guraben da ake da su. A 'yan shekarun nan masu koyo a shirye-shirye masu rajista sun haura 600,000 a faɗin ƙasar.

Abin da ke jan su a fili yake. Alƙaluman hukumar ƙididdigar ƙwadago ta ƙasar na watan Mayun 2023 sun nuna matsakaicin abin da mai aikin lantarki ke samu ya kai dala 61,590 a shekara, mai aikin famfo ma kusan haka. A ƙasar da matashi ke fitowa daga jami'a da bashin dubban daloli a wuya, wanda ya bi ta koyon sana'a yakan gama da kuɗi a aljihu.

Jarrabawar janiman ta lantarki a kan littafi guda ta dogara, wato kundin ƙa'idojin aikin lantarki na ƙasa. An fara buga shi a 1897, ƙungiyar rigakafin gobara ta NFPA ke kula da shi tun 1911, kuma ana sabunta shi duk shekara uku. Littafin da kansa ba doka ba ne, sai jiha ko birni ya ɗauke shi ya ce da shi za a yi aiki, shi ya sa za a tarar wata jiha na kan sabon bugu, maƙwabciyarta na kan na shekaru shida baya. A jihohi da yawa ana shiga ɗakin jarrabawa da littafin a hannu. Wanda bai sani ba sai ya ce ai an sauƙaƙa. To, kundi ne mai shafuka ɗaruruwa cike da jadawali, lokaci kuma a ƙayyade yake, wanda bai saba da shi ba zai ƙare lokacinsa yana buɗe shafi. Ana tambayar kaurin wayar da ta dace da injin kaza, wayoyi nawa za su shiga bututu mai faɗi kaza ba tare da sun yi zafi ba, yadda ake haɗa wayar ƙasa, da wuraren da dole a sa soket mai yanke wuta da kansa in ya ji ta bi jikin mutum, kamar banɗaki da kicin. A Tekzas sai an samu kashi 70 cikin ɗari.

Lasisi kuma ba shi kaɗai ke aiki ba. Kafin a fara babban aiki sai an yanki izini a ofishin gine-gine na gari, kuma kafin a rufe bango sai sifeto ya zo ya duba wayoyi da bututu da idonsa. In bai sa hannu ba, ba za a jona wa gidan wuta ba. Mai lasisin da ya yi ganganci ana iya cin sa tara ko a ƙwace katin, abincinsa ya tsaya.

Jihar Kalifoniya ta nuna iyakar inda tsananin zai iya kaiwa. Tun 1929 take da hukumar lasisin 'yan kwangila. Mai son lasisi sai ya nuna shaidar shekara huɗu yana aiki a matakin janiman ko sama, ya ci jarrabawar sana'a da ta doka da kasuwanci, ya kuma kawo takardar lamuni ta dala 25,000 wadda za a biya mai gida daga ciki in ya cuce shi. Shekaru da dama duk aikin da ya kai dala 500, kayan aiki da lada a haɗe, sai mai lasisi. Daga farkon 2025 aka ɗaga iyakar zuwa dala 1,000. Wanda aka kama karon farko yana iya shan ɗaurin wata shida ko tarar da ta kai dala 5,000. Jami'an hukumar kan kama gida su yi shigar masu neman ma'aikaci don su cafke marasa lasisi. Abin da ya fi zafi shi ne, a dokar jihar wanda ya yi aiki ba lasisi ba zai iya kai ƙarar mai gida kan kuɗin aikinsa ba, ko da aikin ya yi kyau, hasali ma mai gida na iya kai shi kotu ya karɓe duk abin da ya riga ya biya.

Sai kuma a je jihar Niyok a tarar babu lasisin jiha na masu aikin lantarki kwata-kwata. Kowane birni da gunduma da nasa. Birnin Niyok kansa yana neman shekara bakwai da rabi na gogewa kafin mutum ya zama masta, amma katin nan ba lallai ya yi aiki a wata gunduma mai nisan tafiyar awa guda ba. Jihar Ilinoi ma ta bar wa birane lamarin lantarki, sai dai aikin famfo ta riƙe shi a hannunta, kuma ma'aikatar lafiya ta jiha ce ke ba da lasisin. Wanda ya ji abin da ya faru a Shikago a 1933 ba zai yi mamakin ganin mai famfo a ƙarƙashin ma'aikatar lafiya ba. A shekarar ana baje kolin duniya a birnin, sai bututun ruwan sha ya haɗu da na masai a wasu manyan otal guda biyu. Baƙi suka sha, suka koma garuruwansu da ciwon atini. Sama da mutum 1,000 suka kamu, kusan 100 suka rasu.

Da a ce lasisi ya tsaya kan waya da gas da ruwan sha, da gardamar ba ta yi tsawo ba. Bai tsaya ba. Wani rahoto da fadar shugaban ƙasa ta fitar a 2015, zamanin Barack Obama, ya nuna cewa a shekarun 1950 ma'aikaci ɗaya cikin ashirin ne ke buƙatar lasisin jiha, amma zuwa lokacin rahoton sun haura ɗaya cikin huɗu. Sana'o'i sama da 1,100 ne ake wa lasisi a aƙalla jiha guda, alhali waɗanda duk jihohi 50 suka haɗu a kansu ba su kai 60 ba. Wannan tazara ita kanta hujja ce. In da haɗari ne ke kawo lasisi, ai da abin da ke da haɗari a wannan jiha yana da shi a waccan. Jihar Luwiziyana ta daɗe tana zama ita kaɗai mai jarraba masu haɗa furanni. A jihar ce kuma hukumar masu shirya jana'iza ta nemi hana wasu sufayen Kirista sayar da akwatunan gawa na katako da suke ƙerawa da hannunsu, har sai da kotun ɗaukaka ƙara ta tarayya ta ba sufayen gaskiya a 2013.

Labarin da zai fi taɓa mai karatu na nan gida shi ne na kitso. Jestina Clayton 'yar Saliyo ce, tun tana ƙarama take kitso kamar yadda 'yan mata ke koya a tsakar gida a duk Afirka ta Yamma. Da ta zauna a jihar Yuta sai ta riƙa yi wa mutane kitso tana samun na cefane. Hukuma ta ce ta daina, sai ta yi awa 2,000 a makarantar gyaran gashi da kwalliya, ta biya dubban daloli, ta koyi aiki da sinadarai da rini da yankan farce, a makarantun da kusan ba sa koyar da kitson kansa. Ta kai ƙara, a 2012 alƙalin kotun tarayya ya ce dokar ba ta da ma'ana a kanta. A birnin Dalas na Tekzas kuwa, a 1997 'yan sanda suka shiga shagon Isis Brantley suka kama ta saboda kitso ba lasisi. Daga baya da ta so buɗe makarantar koyar da kitso, aka ce sai ta mai da wurin cikakkiyar makarantar aski, da kujerun aski goma da wuraren wanke kai biyar, alhali makitsiya ba ta aski. Ta yi nasara a kotu a farkon 2015, kuma a shekarar majalisar jihar ta cire kitso daga jerin sana'o'in da ke buƙatar lasisi.

Awa 2,000 don kitso zalunci ne, babu wani suna da ya dace da shi. Kitson da bai yi kyau ba, mai shi za ta gani a madubi tun ba ta tashi daga gaban makitsiya ba, ba za ta sake dawowa ba. Babu maƙwabcin da zai ƙone saboda shi.

Yadda aka yi aka kai nan ba ɓoyayye ba ne. Hukumomin lasisi galibi 'yan sana'ar ne da kansu ke zaune a cikinsu, kuma duk wanda ya riga ya shiga ɗaki yana da riba in ƙofa ta ƙara matsewa. Masanin tattalin arziki Morris Kleiner na Jami'ar Minnesota ya shafe shekaru yana nuna cewa lasisi na ɗaga farashin aiki, amma a sana'o'i da yawa ba a ga ya ƙara inganci ba. A 2015 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a kan hukumar likitocin haƙori ta jihar North Carolina, wadda ta riƙa korar masu shagunan haskaka haƙori, ta ce hukumar da 'yan sana'a suka mamaye ba ta da kariya daga dokar hana babakere sai in gwamnatin jiha na sa mata ido sosai. Sana'o'in gini ma suna da nasu tabon. Shekaru masu yawa rassan ƙungiyoyin ƙwadago da dama sun riƙa ba 'ya'yansu da 'yan uwansu guraben koyo suna rufe wa baƙar fata ƙofa, har gwamnatin Richard Nixon ta fito da shirin Filadelfiya a 1969, wanda ya tilasta wa 'yan kwangilar da ke aikin gwamnatin tarayya ɗaukar tsiraru.

Matsala ta biyu ita ce iyakar jiha. Mutum ya yi shekara ashirin yana aiki, ya tsallaka zuwa wata jiha, a ce masa ya sake zama jarrabawa ko ya kawo shaidar awoyin da ya yi a hannun ubangidan da ya daɗe da rasuwa. Wasu jihohi na da yarjejeniyar mutunta lasisin juna, amma ba duka ba. Matan sojoji, waɗanda ake yi wa mazajensu canjin wurin aiki duk bayan shekara biyu ko uku, su suka fi shan wahalar. A 2019 jihar Arizona, a ƙarƙashin Gwamna Doug Ducey, ta zama ta farko da ta ce duk wanda ya zo ya zauna cikinta riƙe da lasisin wata jiha na aƙalla shekara guda, ba tare da wani laifi a kansa ba, za a ba shi nata. Jihohi da dama sun bi sahu.

Ga mai wayarin da ya taso daga Kano ko Kumasi ya sauka wurin 'yan uwa a unguwar Bronx, katangar ta fi tsayi. Takardar gwajin sana'a da ya zo da ita ba ta zama lasisi, kuma tabbatar da awoyin da ya yi a shagon da ba a rubuta komai aiki ne ja, shi ya sa da yawa kan koma matakin mataimaki su fara tarawa daga farko. Abin da ciwo ga wanda ya riga ya yaye yara da hannunsa. Sai dai a nan akwai dalili na gaskiya a bayan wani ɓangare na wahalar. Wutar soket a can volt 120 ce, ta nan 230. Ma'aunin kaurin waya daban ne, awo da inci ake yi, gidaje da yawa na katako ne. Mafi haɗari kuma launi: a tsohon tsarin Ingila da aka saba da shi a Najeriya da Gana, jar waya ce mai wuta, baƙa ita ce ta komawa. A Amurka baƙar ce mai wuta, fara ce ta komawa. Hannun da ya saba kama baƙar waya ba fargaba, sai an sake masa tarbiyya.

Tekzas, inda labarin ya faro, ta gwada ɓangarorin biyu, riƙe lasisi da sassauta shi, cikin shekara biyu kacal. A 2019 wa'adin hukumar masu aikin famfo ya zo ƙarshe, 'yan majalisa suka kasa daidaitawa kan makomarta har zaman ya ƙare, wanda ke nufin nan gaba kaɗan kowa zai iya ɗaukar sifana ya jona bututun gas a gidan mutane. Masu aikin famfo suka yi cincirindo a harabar majalisa a birnin Austin, Gwamna Greg Abbott ya yi amfani da ikonsa na gaggawa ya tsawaita ran hukumar, yana kafa hujja da aikin gyaran ɓarnar guguwar Harvey ta 2017. A watan Fabrairun 2021 kuma wani matsanancin sanyi ya sauka a jihar, ruwa ya daskare, bututu suka farfashe a dubban gidaje, masu lasisi suka yi kaɗan. Gwamnan nan dai shi ya sassauta dokar: aka ba masu aikin famfo na wasu jihohi izinin wucin gadi, aka kuma bar 'yan koyon da suka cika sauran sharuɗɗa su yi gyara ba tare da mai lasisi ya tsaya a kansu ba, muddin akwai masta da ya ɗauki alhakinsu. A 2021 ɗin kuma majalisar ta sabunta wa hukumar wa'adi zuwa 2027.